Kifin Ƙarya Talatin na Bawku

Gidanmu a Salaga gidan fatake ne. Goro ne ya kawo kakanmu garin, mahaifinmu ya gaje shi, da kasuwar goron ta ja baya sai ya koma doya da hatsi. Cikin 'ya'yansa maza huɗu ni kaɗai ne ban iya ciniki ba. In aka bar ni a rumfa, duk abin da mai saye ya taya sai in sallama, don kunyar ja-in-ja nake ji. Da Baba ya gaji da ni sai ya kai ni wurin wani tela a zango, ashe can rabona yake. Yau shekara talatin da ɗoriya ina kan keken ɗinki. Da shi na yi aure, da shi na gina ɗakuna ukun da muke ciki.

Kamun kifi kuwa da girmana na same shi. Na haura arba'in da biyar lokacin da ciwon kai ya matsa mini, aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya hau. Bayan magani, likitan ya ce in riƙa rufe shago ko da yini ɗaya ne a mako, in fita in sha iska. Asabar ta farko na yi ta zirga-zirga a tsakar gida har matata ta ce ina tare mata hanya. Ta biyu sai na hau babur na nufi Makango, bakin ruwa, don kawai in kalli jirgin da ke ƙetare da motocin doya zuwa Yeji.

A can na tarar da wani tsohon masunci zaune a gindin kwale-kwalensa. Mutumin kudu ne, irin waɗanda iyayensu suka biyo ruwa suka zauna a nan. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" yake ce musu, amma mun fahimci juna sarai. Na ga yana ɗaura wani guntun gwangwanin kifi a jikin ƙugiya, ya lanƙwasa shi kamar ganye. Na tambaye shi ina tanar da zai sa. Ya yi dariya ya ce wannan ba ta buƙatar tana. Manyan kifaye irin su tsage da giwan ruwa ƙananan kifaye suke ci, in suka ga abu mai ƙyalli yana gudu a ruwa sai su kai masa cafka. Ya ce in ban yarda ba in shigo mu je.

Ban iya iyo ba, amma na shiga, hannuna biyu riƙe da gefen jirgin. Da muka yi nisa kaɗan ya saki zaren a bayanmu, ya naɗa ƙarshensa a wani guntun ice ya miƙo mini, shi kuma ya ci gaba da tuƙi a hankali. Mun fi rabin sa'a babu komai. Can sai na ji an fizgi hannuna da ƙarfin da ban yi zato ba. Tsohon ya ce in ja a hankali, kada in sassauta. Tsage ne, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, haƙora a waje. Da na koma gida da shi matata ta tambayi nawa na saya, na ce ban saya ba, ta dube ni ta ci gaba da fere doyarta.

Abin da ya tsaya mini a rai a makon nan ba kifin ba ne, guntun gwangwanin ne. Ina ɗinki ina tunanin yadda yake jujjuyawa a ruwa, ina ganin kamar zan iya yin wanda ya fi shi. Ranar Laraba na ɗauki ƙaramin cokalin shayi a kwandon kwanuka, na yanke mariƙinsa, na huda shi sama da ƙasa da ƙusa, na goge bakinsa da magagari. Na ɗaura ƙugiya a ƙasa, na rufe ta da gashin zabo da jan zaren ɗinki. Na cika babban bahon wanki da ruwa, na yi ta jan abin daga wannan gefe zuwa wancan. Da farko juyawa yake yi kamar fanka yana murɗe zaren. Na ɗan buga cikinsa da guduma, na sake gwadawa. Sai a karo na biyar ko na shida ya fara rangaji hagu da dama kamar kifin da ya ji ciwo. Na kira matata ta zo ta gani. Ta gani, ta kuma gane cokalinta.

Washegari ta je kasuwa ta sayo mini tsofaffin cokula a wurin masu gwanjo, ta zuba su a gwangwanin madara ta ajiye mini a taga. Ta ce waɗannan nawa ne, na kwando kuma nata ne, kowa ya san iyakarsa.

Haka na shiga harkar. Ni na raɗa musu suna kifin ƙarya, don ban san wani sunan da ake kiransu da shi ba. Daga cokali na koma sassaƙa icen rimi, saboda ba shi da nauyi, in fafe cikinsa in sa ɗan guntun dalma, in shafa fenti, in liƙa masa ido da ƙananan duwatsun adon rigar mata da suka rage a shago. Wayar ƙafar keke ita ce ƙashin bayansa. Wani yakan ɗauke ni yamma biyu, wani mako guda. Babu biyu da suka zo iri ɗaya, kuma babu wanda na ɗauka an gama shi sai ya shiga ruwan Makango ya fito. Da yawa ba su kama komai ba. Tsohon yakan karɓa ya jujjuya a tafin hannunsa, wani lokaci ya ce wannan ni kaɗai ya burge, kifi ba zai kula shi ba, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Waɗanda suka yi kyau nakan ba shi, shi kuma ya ɗauke ni a jirginsa. Mun yi kusan shekara huɗu a haka, jinina ya sauka, kuma ban taɓa tunanin akwai wani abu a ciki da ya wuce wannan ba.

Sai aka tashi bikin 'yar yayana a Yendi. Shi ne babba a gidanmu, yana da shagon kayan ƙarfe a kasuwa, ƙusoshi da kwaɗuna da fartanya da igiya, har da ƙugiyoyi da zaren kamun kifi a wani lungu. Ni na ɗinka kayan 'yan gida, na kai su da kaina ta hanyar Bimbilla. Na tafi da gwangwanin kifayena a jaka, da niyyar in an watse in leƙa madatsar ruwan garin. Bayan an ɗaura aure muna zaune a zaure, ina neman allura a jakar, sai gwangwanin ya faɗo ya buɗe.

Yaya ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowanne zuwa haske. Ya tambayi daga ina na sayo, na ce ni na yi. Ya tambayi ko suna kamawa, na nuna masa hotuna a waya. Ya sake duban kifayen, irin duban da na san Baba da shi in ya ga buhun goro mai kyau. Daga nan ya ce irin waɗannan na kanti daga waje ake kawo su, suna da tsada, kuma ba su kai nawa kyau ba. Ya ce shekara huɗu ina zaune a kan abinci ban sani ba. Ya zaɓi shida, ya ce zai rataye su a shago mu ga abin da Allah zai yi. Ban iya yi wa Yaya musu ba, ban taɓa iyawa ba. Kuma in faɗi gaskiya, na ji daɗi. A karon farko wani abu da ya fito daga hannuna ya sa ɗan gidanmu ya dube ni da idon kasuwa.

Bayan wata ɗaya ya kira ni. Duka shidan sun tafi. Biyu daga ciki wani likitan dabbobi ne ya saya, yana aiki a Bawku, ya biyo ta Yendi a hanyarsa. Ya gwada su a kogin da ke tsakanin Zebilla da Bawku ya kama giwan ruwa, yanzu shi da abokansa suna son talatin. Yaya ya riga ya amsa masa da yawuna, ya ce a ba mu mako uku.

Na zauna na tsara aikin yadda nake tsara ɗinkin yaran makaranta. Na yanka ma'auni a kwali don su zo daidai da juna, ashirin na cokali, goma na ice. Yini ɗaya yanka, yini ɗaya huji, yini ɗaya goge. Da na tashi daga shago bayan la'asar sai in zauna a kansu har magariba. Asabar uku ban je Makango ba. Tsohon ya aiko wani direban doya ya tambaya ko lafiya, na ce a gaya masa aiki ne ya riƙe ni. Bahon ma na daina cika shi, don in na tsaya gwada kowanne ba zan gama a kan lokaci ba. Na farko da na biyu na gwada, sauran na bi ma'auni.

A cikin mako na uku, wata yamma, matata ta kawo mini ruwa ta tsaya a kaina tana kallo. Ina ta huda cokula, na jera su a tabarma kamar maɓallai.

Ta ce, "Maigida, ka san fuskar da kake yi in Sallah ta rage kwana uku, mutane sun cika shago? Ita ce a fuskarka yanzu."

Na ce ai na kusa gamawa. Ta ce ba ta ce in bari ba, ta dai faɗa mini abin da ta gani ne. Ta koma madafa. Na ci gaba da aikin, amma maganar ta zauna. Sana'ar tela duk jira ce, kullum akwai wanda ke jiran hannunka, yana leƙowa yana tambaya ko an gama. Na saba, ba na kuka da ita, ita ce cina da shana. Sai dai wannan ɗan aikin na yamma shi kaɗai ne babu mai jiransa, ga shi yanzu shi ma ya sami masu jira.

Da na gama, Yaya ya ce in ba direba ya kai. Na ce a'a, ni zan kai da kaina. Ban taɓa zuwa Bawku ba, kuma ina so in ga ruwan da za a jefa su. Na bi ta Tamale da Bolga, tafiyar yini guda cur. Likitan dabbobin ya tarye ni a tasha. Mutum ne mai fara'a, ya girme ni kaɗan, Hausarsa gauraye da Kusasanci da Turanci, in ya rasa kalma a wannan sai ya ɗauko a wancan. Ya sauke ni a gidansa, aka yi mini tuwo da miyar ayoyo da naman zabo. Da safe muka hau babura da abokansa biyu, wani malamin makaranta da wani mai sayar da albasa, muka nufi kogin.

Da na ga ruwan na san akwai matsala. Na Makango shimfiɗe yake, mai zurfi, a kwance. Wannan kuwa gudu yake yi tsakanin duwatsu, ja-ja da laka, wani wurin ma bai kai ƙugu ba. Su kuma ba jan zare suke yi a bayan jirgi ba, daga gaɓa suke jifa da sanduna irin na kanti masu keken naɗe zare. Biyun da likitan ya saya a Yendi ƙanana ne marasa nauyi, shi ya sa suka yi masa aiki. Waɗanda na kawo na yi su ne a kan ma'aunin wanda ya fi kama mini kifi a Makango, mai nauyi. Jifan farko, na malamin makarantar ya nutse ya maƙale a dutse, sai tsinke zaren aka yi. Na mai albasa ya yi ta juyawa yana murɗe masa zare. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Allah ya sa na zo da filaya da magagari da ƙaramar guduma a jaka. Na nemi wani faffaɗan dutse na zauna, na ce su miƙo mini su ɗaya-ɗaya. Na cokalin na rage musu zurfin ciki, na ɗan karkata bakinsu. Na icen na ɓalle dalmar na rage ta rabi, na toshe ramin da ɗanko. Duk wanda na gyara sai in tsaya a bakin ruwa in ja shi a gabana in ga tafiyarsa, in bai yi ba in koma kan dutsen. Mai albasa ya ce shi yana jifa can ƙarƙashin gada inda ruwa ya fi ƙarfi, na yi masa nasa daban. Malamin yana son inuwar itatuwa inda ruwan ya lafa, shi ma na yi masa nasa. Wajen hantsi malamin ya ciro tsage na farko. Kafin azahar mun kama biyar. Muka yi salla a kan yashi, muka gasa biyu a wurin muka ci da yaji da ɗanyar albasa.

Ban taɓa jin daɗin yini a bakin ruwa kamar wannan ba, kuma ko jifa ɗaya ban yi ba. Ina kan dutse ne kawai da filaya, ana kawo mini ina gyarawa, ana gaya mini yadda ruwan kowane lungu yake. A ranar goma sha ɗaya muka gyara. Sauran na nuna wa likitan yadda zai yi musu, ya kuwa gane da wuri, mai hannu ne.

A hanyar komowa ya gaya mini akwai wani ɗan kasuwa da ya ga hotunan, yana son ɗari, duk iri ɗaya, zai riƙa ƙetarawa da su Burkina. In abin ya karɓu, kowane wata. Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara.

Na biyo ta Yendi don in yi wa Yaya bayani. Labarin ɗarin ya riga ni isa. Na same shi a shago, ya sa aka kawo mini koko da ƙosai, ya fara tsara yadda za a yi: in ɗauki mutum biyu, in rage ɗinki, shi zai riƙa samo cokula daga Kumasi. Na bar shi ya gama. Sannan na ba shi labarin kogin, da dutsen da na zauna a kai, da abin da matata ta faɗa.

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. In na mai da shi sana'a, to sai na sake neman wani abin da zan riƙa hutawa da shi. Ni kuma wannan nake so."

Ya daɗe yana kallona. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce shi bai gane ba, kuma ba ya jin zai taɓa ganewa, mutum ya ga kasuwa ta buɗe ya juya mata baya. Amma ya ce ya ga yadda na murmure a shekarun nan, ba zai so ya zama sanadin komawata asibiti ba. Sannan ya ce, "To in kai ba ka so, kada ka hana wani. Zo mu je."

Ya kai ni bayan kasuwa wurin wani maƙerin gwangwani, maƙwabcinsa, mutum mai 'ya'ya shida. Da can mazurari da bokiti da fitilu yake yi, kayan roba suka zo suka kashe masa kasuwa, yanzu sai facin tukwane. Na kwana biyu a Yendi ina nuna masa na cokalin, yadda ake yanka, inda ake hudawa, yadda ake ɗaura gashin. Na ce masa sharaɗina ɗaya ne, kowanne ya shiga ruwa kafin ya bar hannunsa, kuma a riƙa tambayar mai saye wane irin ruwa zai je. Ya yanka tsohuwar ganga gida biyu a tsaye ya yi kwamin gwaji a ƙofar rumfarsa. A yini na biyu ya riga ya fi ni saurin yanka, don aikinsa ne tun yana yaro.

Yanzu shi ke yi, Yaya ke sayarwa. Ba su kai ɗari a wata ba, ɗan kasuwar nan ma sau biyu ya saya ya daina, amma masu zuwa daga Bimbilla da Bawku ba su yanke ba, kuma maƙerin ya ce abin yana taimaka masa. Yaya ya so ya riƙa ware mini wani abu, na ce ya bar wa mai aikin. Bai ji daɗin wannan ba shi ma, sai ya koma aiko mini da ƙugiyoyi da zare duk lokacin da mota za ta zo Salaga, ni kuma ina karɓa.

Na icen ban koya wa kowa ba, ba don rowa ba, don ni kaina ban gama koyonsu ba. In wani ya zo gida ya ce yana so, nakan tambaye shi inda yake kamun kifi, in ce ya dawo in ya ji shiru ya gaji. Wani ya samu bayan mako biyu, wani bayan wata uku. In ya tambayi kuɗi in ce in ya kama ya kawo wa matata ɗaya. Likitan dabbobin yakan kira ni jefi-jefi, ya gaya mini ruwa ya ƙaru ko ya janye, mu yi ta shawarar nauyin da ya dace.

Watannin baya na je Yendi gaisuwa, na ga maƙerin ya sauya fasalin abin. Ya daina amfani da cokali, yana yanka farantin tagulla, ya yi masa ɗan tudu a tsakiya. Na ɗauki ɗaya na kai Makango, muka gwada da tsohon. Ya fi nawa tafiya, babu tantama, tsohon ma ya faɗa ba tare da ya ɓoye mini ba. Na kira maƙerin na gaya masa, ya yi ta godiya kamar na ba shi kyauta.

Ni kuma yanzu kwaɗo nake sassaƙawa. Na ga yadda wani babban kifi ya hadiye kwaɗo a cikin ciyawar bakin ruwa, sai na ce bari in gwada. Ƙafafun ne suka ba ni wahala, na yi su da robar tayar keke, na yi da fata, yanzu ina gwada igiyar takalmi. Na huɗu ke nan, kuma har yau babu wanda ya kama ko ɗan tsage. Asabar mai zuwa zan kai shi ruwa, in ya ƙi in dawo in sake ƙafafun.